Sharhi: Gyaran Manhajar Makarantu a Mahangar Masana Halayyar Ɗan Adam

Gabatarwa

A ƙarshen watan Agusta na shekarar 2025, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da sanarwar cewa ta kammala bitar manhajar makarantun firamare da na sakandare da na koyon fasaha a ƙasar nan. Ƙaramar Ministar Ilimi, Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad, ta bayyana cewa babbar manufar aikin ita ce rage wa ɗalibai nauyin darussa domin su sami damar fahimtar abin da ake koya musu. Bisa ga wannan tsari, 'yan aji 1 zuwa 3 na firamare za su ɗauki darussa 9 zuwa 10, 'yan ƙaramar sakandare 12 zuwa 14, su kuwa 'yan babbar sakandare 8 zuwa 9. An kuma tsara cewa sabuwar manhajar za ta fara aiki daga azuzuwan shiga, wato aji 1 da aji 4 na firamare, da ajin farko na ƙaramar sakandare da na babba.

Tun daga lokacin, tambayar da iyaye da malamai da masu riƙe da sarautun gargajiya suke yi mana a yayin rangadin wayar da kai ita ce: shin wannan gyara zai sa yaranmu su iya karatu da rubutu da lissafi, ko kuwa sauyin suna ne irin wanda aka saba gani? Tambaya ce mai nauyi, domin manomin da ya haƙura da taimakon ɗansa a gona na tsawon shekara 6 yana da haƙƙin ganin amfanin wannan haƙuri. Saboda haka muka ga ya dace mu kawo wa jama'a bayanin abin da masana ilimin halayyar ɗan Adam suka gano game da yadda yaro yake koyo, sa'an nan mu auna gyaran da wannan ma'auni.

Waiwaye a Kan Gyare-gyaren Baya

Manhaja ita ce jerin abubuwan da hukuma ta amince a koyar, da tsarin da za a bi, da abin da ake sa ran yaro ya iya a ƙarshen kowane mataki. Hukumar da doka ta ɗora wa alhakin tsara ta ita ce Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, wato NERDC. Tarihin gyaranta ya faro ne daga babban taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969, wanda ya share fagen Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 da tsarin nan na 6-3-3-4. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004, daga nan aka samar da manhajar ilimin tushe ta shekara 9 a 2007.

Ba a jima ba aka fara kukan cewa darussan sun yi yawa. Don haka a 2012 aka sake bita, aka mayar da darussa 20 zuwa 10, aka fara aiki da su a 2014. Sai dai hanyar da aka bi ita ce ta cusa darussa da dama a ƙarƙashin suna guda. Alal misali, kimiyya da fasaha da motsa jiki da ilimin kwamfuta suka koma darasi ɗaya a takarda, alhali a cikin aji malamai daban-daban ne suke koyar da su, kowa da littafinsa da jarrabawarsa. Haka aka haɗa darussan addini da na zamantakewa da na tsaro wuri guda, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce har aka raba na addini a 2017. Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake: mai jaki ya san cewa zuba buhu biyu a mangala ɗaya ba ya rage wa jaki nauyi.

Iyakar Abin da Ƙwaƙwalwa Take Ɗauka

Hujja mafi ƙarfi da ke goyon bayan rage darussa ta fito ne daga binciken da aka yi a kan ɓangaren ƙwaƙwalwa mai riƙe abu na ɗan lokaci, wanda mutum yake amfani da shi in yana lissafi da ka ko yana sauraron bayani. A 1956 masanin nan na Amurka, George Miller, ya nuna cewa babban mutum yana iya riƙe abubuwa kamar 7 a lokaci guda. A 2001 wani masanin, Nelson Cowan, ya sake nazarin hujjojin ya ce adadin ya fi kusa da 4. Na ƙaramin yaro kuwa bai ma kai na babba ba.

A kan wannan ne John Sweller na ƙasar Ostireliya ya gina ra'ayinsa a 1988, inda ya bayyana cewa idan sabbin abubuwan da aka jibga wa mai koyo suka wuce abin da zai iya riƙewa, koyo yana tsayawa cik, ko da kuwa yaron yana zaune shiru yana kwafar abin da ke kan allo. Abin da ke faɗaɗa wannan ƙaramin wuri shi ne ilimin da ya riga ya zauna daram. Yaron da ya san haruffa sarai yana ganin kalma a matsayin abu guda, ya mai da hankalinsa ga ma'ana. Wanda bai san su ba kuwa, duk ƙarfinsa zai ƙare a kan harhaɗa baƙi da wasali, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta.

Ma'anar wannan ga manhaja ita ce, karatu da rubutu da lissafi su ne ƙofar sauran darussa, kuma su ya kamata su ci mafi yawan lokacin azuzuwa uku na farko. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Yaron da ke cikin wannan hali, ko darussa 9 aka ba shi ko 15, abin da zai kwasa kaɗan ne. Saboda haka ma'aunin da ya kamata shugaban makaranta ya duba shi ne jadawalin mako: awa nawa aka ware wa koyon karatu, kuma ana cika su?

Kowane Abu da Lokacinsa

Masanin da ya fi shahara a kan matakan girman tunanin yaro shi ne Jean Piaget na ƙasar Suwizalan, wanda ya rayu daga 1896 zuwa 1980. Ya kasa girman tunani gida 4. Abin da ya shafi firamare shi ne matakin da ke tsakanin shekara 7 zuwa 11, lokacin da yaro yake iya tunani mai tsari amma a kan abin da yake gani ko yake taɓawa. Tunani a kan abin da ba a gani, irin na aljabara, yakan ƙarfafa ne daga wajen shekara 11 ko 12. Saboda haka malamin da ya kawo tsakuwa ko ƙwallon dabino ko karan dawa domin koyar da tarawa da ɗebewa yana kan hanyar da ilimi ya tabbatar, ba wasa yake yi ba.

An yi wa Piaget gyara daga baya. A 1978 Margaret Donaldson ta Jami'ar Edinbara ta nuna cewa yara ƙanana suna amsa tambayoyin da a da aka ɗauka sun fi ƙarfinsu, muddin an yi tambayar cikin yanayin da suka saba da shi. Shi kuwa Jerome Bruner na Amurka, tun a 1960 ya ba da shawarar cewa a zaɓi muhimman batutuwa 'yan kaɗan, a gabatar da su cikin sauƙi tun da wuri, a riƙa komawa kansu shekara bayan shekara ana zurfafawa. A misali, ɗan aji 2 ya shuka wake a gwangwani ya ga tsirowarsa, ɗan aji 5 ya gwada wanda ya sami rana da wanda aka rufe, ɗan ƙaramar sakandare ya koyi yadda ganye yake sarrafa hasken rana. Batu ɗaya ne, amma kowace shekara da zurfinta. Manhajar da ta bi wannan tsari ta fi wadda take yayyafa batutuwa masu yawa, a taɓa kowanne sau ɗaya a wuce.

Matsayin Yaro da Matsayin Aji

Lev Vygotsky na ƙasar Rasha, wanda ya rasu a 1934 yana da shekara 37, ya bar wata fahimta mai amfani ƙwarai. Ya ce akwai abin da yaro zai iya shi kaɗai, akwai abin da zai iya in an kama masa, akwai kuma abin da ya yi masa nisa ko da an kama masa. Koyo yana faruwa ne a na tsakiyar. Idan darasi ya yi ƙasa yaro ya gundura, idan ya yi sama ya fid da rai. A 1968 Benjamin Bloom ya ƙara da cewa mafi yawan yara za su iya ƙwarewa a abin da ake koyarwa idan aka ba kowa lokacin da yake bukata, aka kuma tabbatar ya iya mataki kafin a wuce da shi gaba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam karatunsa daidai, kuma kowa yana tafiya ne gwargwadon ƙoƙarinsa, gardi yana kama wa na ƙasa da shi. A makarantar boko kuwa, jadawalin zango ne yake jan aji. Malami yana sauri ya gama abin da aka rubuta wa aji 4, alhali wasu daga cikin yaran suna matsayin aji 1 a karatu. Kowace shekara tazarar tana ƙaruwa, har yaro ya kai aji 6 bai iya rubuta wasiƙa ba, iyaye su yanke hukuncin cewa boko ɓata lokaci ne.

Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta fito da wata hanya ta magance wannan: a gwada kowane yaro da ɗan gajeren gwaji na baka, a kasa yara rukuni-rukuni bisa matsayinsu na karatu maimakon shekarunsu, a ware wani lokaci kullum ana koyar da kowane rukuni daga inda ya tsaya. Gwaje-gwajen da aka yi a Indiya sun nuna ci gaba mai yawa cikin ɗan lokaci, kuma an kawo tsarin wasu jihohin Arewa, ciki har da Borno da Kano da Kebbi. Abin lura shi ne wannan hanya ba ta bukatar sabon gini. Tana bukatar horar da malami da kuma izinin hukuma ya koma baya tare da yaran da aka bari.

Mantuwa da Bita

A 1885 Hermann Ebbinghaus na ƙasar Jamus ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana yana auna yadda suke gushewa. Ya gano cewa mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne a sa'o'in farko, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka yi a zama ɗaya tasiri. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka nuna cewa ɗaliban da aka sa su rufe littafi su tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa. Duk wanda ya san tilawar mahaddata ya san wannan gaskiya tun kafin a rubuta ta.

Sai dai akwai gargaɗi. Sylvia Scribner da Michael Cole sun yi bincike a tsakanin al'ummar Vai ta ƙasar Laberiya, waɗanda suke da rubutu iri 3: nasu na gargajiya, da na Larabci ta hanyar karatun Alƙur'ani, da na Turanci ta hanyar boko. A littafinsu na 1981 sun nuna cewa kowane irin karatu yana ƙarfafa gwanintar da ake motsawa a cikinsa ne. Masu karatun Alƙur'ani sun yi fice wajen haddar da ake ƙarawa kaɗan-kaɗan, 'yan boko kuma sun yi fice wajen bayyana dalilin amsarsu. Abin da muka fahimta shi ne yaro yana ƙwarewa a abin da aka sa shi yi. In ana son ya iya warware matsala, sai an riƙa ba shi matsala yana warwarewa. Manhajar da ta cika maƙil ba ta barin lokacin bita, balle na tunani, kuma jarrabawar da ke neman haddar ma'anar kalmomi kawai za ta ja malamai su koma ga dictar rubutu, ko me aka rubuta a sabuwar manhaja.

Batun Harshen Koyarwa

Wannan shi ne batun da ya fi jawo muhawara. Tun daga 1977 manufar ilimi ta tanadi a koyar da azuzuwan farko na firamare da harshen uwa ko harshen da aka fi ji a yankin. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da faɗaɗa wannan zuwa shekara 6. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan manufa da mayar da Turanci harshen koyarwa a dukkan matakai, yana mai kafa hujja da yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun fi dogara da harshen gida. Masana harshe da na ilimi da dama sun nuna rashin amincewa, suna cewa manufar 2022 ba ta sami littattafai da malaman da za a gwada ta sosai ba.

Damuwar gwamnati tana da tushe, domin da Turanci ake jarrabawa, da shi ake neman gurbin karatu da aiki. Amma wajibi ne mu faɗi abin da bincike ya nuna. Jim Cummins na ƙasar Kanada ya bayyana tun a 1979 cewa gwanintar karatu da yaro ya samu a harshensa tana bin sa zuwa harshe na biyu. Ya kuma bambanta Turancin hira, wanda ake iya samu cikin kamar shekara 2, da Turancin karatu mai zurfi, wanda yakan ɗauki shekara 5 zuwa 7, kuma wannan a ƙasar da yaro yake jin Turanci a titi ke nan. A nan gida, Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara dukkan darussa da Yarbanci na shekara 6, Turanci kuma aka koyar da shi a matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun kuma fi su a wasu darussa. A Arewa ma an ga shirye-shiryen koyon karatu da Hausa, kamar Mu Karanta a Bauci da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara.

Idan muka haɗa wannan da bayanin Sweller, za mu ga cewa yaron ƙauye da ake koya wa rabawa da harshen da bai ji ba yana ɗauke da kaya biyu a lokaci guda. Tsara manufa aikin hukumomi ne, kuma makarantu za su bi umarnin da aka ba su. Abin da muke jawo hankali a kai shi ne, kowace manufa aka bi, sai an tanadi malaman da suka iya Turancin da kansu, sai an fara da Turancin baka kafin na rubutu, kuma bai kamata a ga laifin malamin da ya yi wa yaro ƙarin bayani da Hausa ko Fulfulde ko Kanuri domin ya gane ba. Iyaye kuma su ci gaba da ƙarfafa karatun Hausa da na ajami a gida, domin ba ya rage wa Turanci komai.

Ilimin Gida da Darussan Sana'a

A 1985 wasu masana uku, Terezinha Carraher da David Carraher da Analucia Schliemann, sun gwada wasu yara 5 masu talla a birnin Recife na ƙasar Barazil. A bakin sana'arsu, yaran sun amsa kusan kashi 98 cikin 100 na tambayoyin lissafi daidai. Da aka ba su lissafin nan dai a takarda da alamomin makaranta, sai suka sami kusan kashi 37. Yaran kaɗan ne, amma duk wanda ya taɓa sayen gyaɗa ko ƙosai a hannun 'yar talla ya ga irin wannan: tana ba da canji ba kuskure, a aji kuma ana ce mata daƙiƙiya. Aikin manhaja shi ne ta gina gada tsakanin mudu da tiya da kuɗin cefane da alamomin da ke kan allo.

Masanin nan na ƙasar Kamaru, Bame Nsamenang, ya daɗe yana jan hankali cewa yaron Afirka yana girma ne ta hanyar shiga aikin gida da ɗaukar nauyi, kamar aike da reno da kiwo. Robert Serpell ma, a bincikensa a tsakanin al'ummar Chewa ta Zambiya, ya tarar cewa a wurin dattawa basira ta haɗa da hankali da riƙon amana. Da wannan ma'auni, shigar da darussan sana'a abin yabo ne. Manhajar 2025 ta taƙaita su zuwa 6: haɗa wutar sola da gyaranta, ɗinki, kiwon dabbobi, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da wayar hannu, da noman lambu da na amfanin gona. Amma sana'a da hannu ake koyonta. In aka mayar da kiwo rubutun allo da za a haddace, to an ƙara wa yaro kaya ne kawai. Makarantar karkara tana da abin da ta birni ba ta da shi, wato fili da dabbobi da gwanayen manoma da teloli a kusa, kuma hikima ita ce ta zaɓi sana'ar da take da kayan koyar da ita.

Inda Masana Suka Saɓa

Kada mai karatu ya ɗauka bakin masana ya zo ɗaya a kan komai. Mabiya Piaget da Bruner sun fi karkata ga a bar yaro ya gano abu da kansa, shi kuwa Sweller da abokan aikinsa sun rubuta a 2006 cewa mai fara koyo ya fi amfana da bayani dalla-dalla da misalan da aka warware a gabansa. Abin da ya fi dacewa da ajin da ya cika da yara shi ne malami ya fara nunawa, a yi tare, daga baya yaro ya yi shi kaɗai. Haka nan ra'ayin da ya yaɗu a tarurrukan horar da malamai, cewa kowane yaro yana da salon koyonsa na gani ko na ji da dole a bi, wani nazari da Harold Pashler da abokansa suka yi a 2008 bai sami hujjar da ta tabbatar da shi ba. Inda aka fi samun daidaito shi ne a kan tsoro: binciken Mark Ashcraft ya nuna cewa fargabar lissafi tana cinye wurin nan na riƙe abu a ƙwaƙwalwa. Yaron da idonsa ke kan bulala, hankalinsa ba ya kan allo.

Abin da Ya Rataya a Wuyanmu

Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami 1 ga yara 35 a firamare, kuma kowa ya san makarantu da yawa sun ninka wannan adadi. Duk da haka akwai abubuwan da za a iya yi ba tare da jiran Abuja ba. Muna kira ga sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi da su tabbatar kwafin sabuwar manhaja ya isa kowace makaranta, har da na rugage da ƙauyukan da ke nesa da titi, su kuma tura ƙwararrun malamai zuwa aji 1 zuwa 3 maimakon a tara su a aji 6. Jami'an duba makarantu, in sun je rangadi, su ɗauki yara 10 su ba su ɗan labari su karanta, domin wannan ya fi duba rajista nuna gaskiyar makaranta.

Shugabannin makarantu su ware lokacin bita a kowane mako, da lokacin taimaka wa waɗanda aka bari a baya. Kwamitocin kula da makarantu, tare da hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai, su sa ido a kan zuwan malamai da na yara, musamman ranar kasuwa da lokacin shuka da girbi, domin darasin da aka gina a kan na jiya ba ya jure yawan fashi. Su kuwa iyaye, ko da ba su yi boko ba, suna iya cewa yaro ya rufe littafi ya faɗa musu abin da ya koya yau. Wannan tambaya kaɗai bita ce irin wadda masana suka tabbatar da amfaninta. Haka kuma a tabbatar yaro ya karya kumallo kafin ya fita, don mai jin yunwa ba ya sauraro.

Kammalawa

Idan muka auna gyaran 2025 da ma'aunin masana halayyar ɗan Adam, za mu ce alƙiblar rage darussa da shigar da sana'a daidai take, amma nasararta ta dogara ne a kan abubuwa 4: a rage abin da ke cikin darussan da gaske, a fifita karatu da lissafi a farkon firamare, a koyar da yaro daga inda yake da harshen da zai kai shi ga fahimta, a kuma horar da malamin da zai yi aikin. Gyaran 2012 ya nuna mana abin da ke faruwa in aka tsaya a takarda. 'Yan aji 1 da suka fara da wannan manhaja a 2025 za su kai aji 3 a shekarar karatu ta 2027/2028, kuma a lokacin kowane uba zai iya yin nasa gwajin ta hanyar miƙa wa ɗansa takarda ya ce ya karanta masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka muna roƙon kowa ya riƙe nasa ɓangaren tun yanzu. Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, amin.